Ba a Yi wa Magani Kuɗin Goro: Martani ga Mai Cewa a Zubar da Ƙwayoyin Fargaba

Na karanta rubutun da Malam ya yi a shafinsa makonni biyu da suka wuce a kan magungunan da likitoci ke bai wa masu fama da fargaba. Na karanta sau biyu, na ajiye, na ce a bar kaza cikin gashinta, domin Malam ya girme ni a shekaru da alƙalami, kuma na daɗe ina ƙaruwa da shi. Abin da ya hana ni shiru shi ne sakin layinsa na ƙarshe, inda ya shawarci duk mai irin waɗannan ƙwayoyi a ɗakinsa ya tattara su ya zuba a masai, ya kama Allah. Na san wani gida da aka taɓa bin irin wannan shawara. Gidanmu ne, kuma a gabana aka yi.

Don kada a ce na sa wa Malam magana a baki, bari in maimaita abin da ya faɗa gwargwadon fahimtata. Ya ce abin da likitoci ke kira ciwon fargaba raunin tawakkali ne kawai da zamani ya raɗa wa sabon suna. Ya ce magungunan da ake bayarwa dominsa su ne dai ƙwayoyin da suka lalata mana samari, bambancin kawai wannan da takardar likita, wancan a bayan tasha. Har sunaye ya jero: Tramol, kodin, Exol, Roci da D5. Ya ƙara da cewa kamfanonin Turawa ne suka ƙirƙiro ciwon don maganinsu ya sami kasuwa. Daga nan ya yanke hukuncin masai.

Zafin da ke ran Malam na gaskiya ne, kuma ni ma yana raina. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake cinikinsa. Duk wanda ke zaune a unguwa ya san yaron da ya tashi da kaifin basira, yau yana tangaɗi a bakin kwata. Wanda ya ga haka ya ƙi jinin duk wata ƙwaya, ba za a ga laifinsa ba.

Sai dai a duba jerin nan na Malam da kyau. Tramol maganin ciwo ne mai tsanani. Kodin na tari ne da raɗaɗi. Exol na masu ciwon karkarwar gaɓoɓi ne, ana kuma haɗa shi da wasu magungunan taɓin hankali don ya rage sandarewar jiki da suke kawowa. Ba likitan da ke rubuta ɗaya daga cikin ukun nan don fargaba. Saura biyu, Roci da D5. Roci maganin barci ne. D5 kaɗai ya rage a matsayin maganin fargaba na haƙiƙa, shi ma likitocin yau sun mayar da shi na gaggawa, na ɗan lokaci. Magungunan da a yanzu ake fara bai wa mai wannan ciwo kuwa, ko ɗaya Malam bai ambata ba. Ya yi wa dangi daban-daban kuɗin goro, kuma daga nan duk sauran kurakuransa suka tsiro.

Kafin in bi su dangi-dangi, bari in kawo labarin Goggo, ƙanwar mahaifina. Babana take ce mini, saboda sunan mahaifinsu aka sa mini. Wata huɗu bayan ta fita takaba, abin ya fara. Tana zaune tana tsince shinkafa, ba wanda ya taɓa ta, sai gabanta ya yanke ya faɗi, zuciya ta kama dukan uku-uku, zufa ta keto mata, numfashi ya sarƙe. Takan damƙe hannun wanda ke kusa ta ce, "Ku yafe ni, tafiya ce ta zo." Bayan minti goma ko ashirin abin ya lafa, ya bar ta sharkaf kamar wadda ta yi surfe. Daga baya tsoron dawowar abin ya fi abin kansa damunta. Ta daina zuwa biki, ta daina shiga mota, ta daina kwana ita kaɗai. Sau uku aka yi mata maganin maleriya da taifot. An auna jini, ba hawa. Wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu.

Ga matar da Malam zai ce tawakkalinta ya yi rauni: ba ta tsallake azumin Litinin da Alhamis, walaha ba ta wuce ta, carbi kuwa har ya yi mata kanta a yatsa. A kan darduma ma abin ya sha kama ta. Mu Hausawa mukan tara abubuwa da yawa a cikin kalmar damuwa. Akwai damuwar kuɗin haya da ta kuɗin makaranta, wadda kowa ke da tasa, kuma ita ce haƙuri da addu'a da shawarar 'yan'uwa ke sauƙaƙawa. Akwai kuma firgicin da ke tasowa ba gaira ba dalili, ko zullumin da ke liƙe wa mutum wata da watanni, ya hana shi barci, ya hana shi sana'a, ko da ya san a ransa ba wani abin tsoro a gabansa. Wannan na biyun ne likita ke kira ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi a 2019 sun kai miliyan 301, kuma kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ke samun magani.

Batun cewa Turawa suka ƙirƙiro shi, tarihinmu ya riga ya ba da amsa. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, inda ya tattauna tsoro da firgici da baƙin ciki da waswasi. Har ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke afkowa ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar maganin jiki. Fiye da shekara dubu ke nan, babu kamfanin magani ko ɗaya a duniya. Kuma Malam ya fi ni sanin cewa addini bai taɓa haɗa neman magani da ƙarancin imani ba. Mai ciwon suga yana allurarsa yana addu'a, ba wanda ya ce masa ya zaɓi ɗaya.

Da aka gaji da yawo, wani maƙwabci ya ce a gwada mai kemis ɗin bakin layi. Ya saurari Goggo na minti biyu, ya ce, "Hajiya, tunani ne ya yi miki yawa. Ga wannan, rabi za ki riƙa sha da daddare." Ya ƙirga 'yan ƙwayoyi ruwan ɗorawa a ƙaramar leda, ba suna, ba takarda. A daren ta yi barcin da rabonta da shi tun mijinta na raye. Da safe ta sa aka kai wa mai kemis ɗin kwanon fura don godiya. Wannan ita ce D5, wato diyazefam, wadda duniya ta fi sani da Valium.

A kan wannan dangi, Malam na da gaskiya fiye da yadda shi kansa ya sani. Masanin haɗa sinadarai Leo Sternbach ne ya gano su a reshen kamfanin Roche da ke Amurka. Librium ya shiga kasuwa a 1960, Valium a 1963. Sunan kamfanin nan da ke jikin ƙwayar Rohypnol shi ne 'yan ƙwaya suka murɗe ya koma Roci. Lexotan ma ɗan gidan ne. An karɓe su hannu bibbiyu, domin magungunan kwantar da hankali da suka gabace su, in mutum ya ɗan zarce a sha sai gawa. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980, babu maganin da likitocin Amurka suka fi rubutawa kamar Valium. Sai da aka yi nisa aka gane cewa dubban mutane sun kasa rabuwa da shi. A 1988 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Birtaniya ya ba likitoci umarnin kada su wuce mako biyu zuwa huɗu suna ba da shi, shi ma sai fargabar ta yi tsanani. A birnin Newcastle, Farfesa Heather Ashton ta shafe shekara goma sha biyu tana gudanar da asibitin da aikinsa kawai raba mutane da waɗannan ƙwayoyi.

Yadda suke aiki shi ne sirrin daɗinsu da sharrinsu. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ke aikin birki, yana sassauta gudun saƙonni tsakanin jijiyoyi. Masana na kiransa GABA, suna mai kama da gaban nan namu mai faɗuwa. Dangin Valium suna ƙara wa wannan birki ƙarfi, shi ya sa cikin rabin awa zuwa awa guda mutum zai ji jikinsa ya saki. To amma in aka riƙa taka wa ƙwaƙwalwa birki daga waje kullum, sai ta sassauta nata, ta ƙara wuta don ta daidaita tafiya. Rabin ƙwayar da ta isa a watan farko ba za ta isa a na uku ba. Ga mantuwa, ga kasala, ga jiri da ke kayar da tsofaffi su karye. In kuma aka haɗa da kodin ko Tramol ko giya, numfashi na iya tsayawa cikin barci. Saboda wannan haɗin ne hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalayensu a 2016.

Goggo ta tashi daga rabi ta koma ɗaya, daga ɗaya zuwa biyu. Cikin shekara biyu ta kai shida a yini, ranar da babu D5 kuma mai kemis ya ba ta Lexotan. Ta riƙa ɗora tukunya ta manta. Wata rana a wajen ta'aziyya ta ji wata mai wa'azi tana cewa duk mai shan ƙwayar barci da ɗan ƙwayar tasha uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kunya ta kama ta. Da ta dawo gida ba ta gaya wa kowa ba, ta juye ledar a masai, daidai yadda Malam ya ce a yi.

Kwana biyun farko lafiya lau, domin diyazefam na daɗewa a jiki kafin ya fita. A na uku barci ya ƙaurace. A na huɗu hannu ya fara rawa, ƙarar cokali a kwano ta zame mata kamar guduma, hasken taga na sukar idonta. A rana ta shida, ina tsakar gida ina alwalar la'asar, na ji ƙarar faɗuwa a ɗakinta. Na same ta a ƙasa tana jijjiga, idanu sun kafe, haƙora sun datse harshe, jini da kumfa na bin gefen baki. Matar da ba ta taɓa farfaɗiya ba a rayuwarta. A bayan a-daidaita-sahu muka kai ta asibiti, kanta a cinyata. Da likita ya gama tambayoyi, ya gano abin da ta zubar, abu na farko da ya yi shi ne ya mayar da ita kan ƙwayar. Na ce, "Likita, ai ita ce ta jawo mana wannan." Ya ce, "Ita ce. Amma an cire wa mota birki tana tsakiyar gangara. Sai mun mayar, sannan mu sauko a hankali."

Wannan shi ne abin da nake so Malam ya tsaya a kansa. Ƙwayar da ya fi jin tsoro ita ce shawararsa ta fi zama haɗari a kanta. Mu Hausawa rana ɗaya mukan yaye yaro, a kai shi gidan kaka, ya yi kukansa na kwana uku ya haƙura. Dangin Valium ba su yarda da irin wannan yaye ba. Wanda ya daɗe a kansu, rage masa ake yi kaɗan-kaɗan, cikin makonni ko watanni, a ƙarƙashin idon likita. Garin neman gira kada a rasa ido.

Yanzu ga dangin da Malam bai ambata ba, alhali su ne a yau ke sahun gaba. Dangin Prozac ke nan. Fulokzetin, wato Prozac ɗin kansa, ya sami izini a Amurka a ƙarshen 1987, satiralin ya biyo baya a 1991, sai wasu irinsu. Akwai 'yan'uwansu na kusa kamar benlafaksin. Asali don ciwon baƙin ciki mai tsanani aka yi su, daga baya gwaje-gwaje suka nuna suna rage fargaba da firgici. Suna hana jijiyoyi saurin tsotse wani sinadari mai suna sirotonin, ko da yake masana na ci gaba da muhawara a kan yadda hakan ke rikiɗewa ya zama sauƙi a zuciya. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, ta ce in za a ba mai zullumi mai ɗorewa magani, da irin waɗannan za a fara, dangin Valium kuwa a ajiye su sai ta ɓaci.

Hujja mafi sauƙi da zan ba Malam cewa waɗannan ba kayan maye ba ne tana bayan tashar da ya ambata. Ya aika a tambayo masa satiralin a can. Ba zai samu ba, domin ba mai saye. Ba ya bugarwa, ba ya sa nishaɗi, ba ya sa mutum ya riƙa ƙishirwarsa har ya sayar da buhun masarar gida. Ɗan ƙwaya abin da zai hau kansa yanzu-yanzu yake nema, wannan kuwa sai an yi mako biyu zuwa shida ana sha kullum kafin a fara ganin canji. A kwanakin farko ma yakan ƙara wa wasu fargabar, shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan. Kwana goma da likita ya fara wa Goggo shi ta kira ni ta ce, "Babana, wannan maganin naku alli ne. Ni dai a bar ni da tawa mai ruwan ɗorawa." Da ƙyar muka lallashe ta. A mako na biyar ta shiga mota zuwa sunan jikarta, karo na farko cikin shekara biyu da rabi.

Ba zan yi wa Malam abin da nake zarginsa da shi ba, wato in ɗauki dangi guda in wanke shi tas. Waɗannan ma suna da nasu. Akwai tashin zuciya da ciwon kai a farko. Akwai raguwar sha'awar iyali, wadda maza da mata da yawa ke jin nauyin faɗa wa likita, sai kawai su daina shan maganin a ɓoye. Ga yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 25, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa a makonnin farko tunanin halaka kai na iya ƙaruwa ga wasu, don haka dole iyaye su sa ido. Haɗa su da Tramol na iya tayar da zazzaɓi da rikicewa da jijjiga. Ba kowa suke yi wa aiki ba, wani sai an canza masa sau biyu. Kuma su ma ba a yanke su rana ɗaya, domin jiri da rashin barci da wani irin fizgar lantarki a kai kan biyo baya, ga wasu har na tsawon lokaci. Yawanci akan ci gaba da sha wata shida zuwa shekara bayan an sami sauƙi, sannan a sauko mataki-mataki. Duk wannan dalili ne na a sha su da ilimi, a hannun wanda ya san su.

Akwai sauran dangi, kowanne da gurbinsa. Amitiriftilin tsoho ne, mai araha, ana samunsa ko'ina a asibitocinmu. Yana sa barci da bushewar baki da taurin ciki, kuma in aka sha da yawa yana taɓa zuciya, don haka ba a ajiye shi inda hannun yaro zai kai. Busfiron, wanda ya fito a 1986, ba ya kama mutum, amma shi ma sai an yi makonni. Haidirokzizin asalinsa maganin ƙaiƙayi ne, kasalar da yake sa wa ita ake amfana da ita na ɗan lokaci. Firegabalin yana aiki, sai dai an gano shi ma ana maye da shi, har Birtaniya ta sa shi cikin magungunan da doka ta tsaurara a 2019. Furofaranolol kuwa maganin zuciya da hawan jini ne, wanda James Black ya samar, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1988. Ba ya taɓa tunani sam. Bugun zuciya da rawar hannu da rawar murya yake tsayarwa, shi ya sa akan ba wanda zai tsaya gaban jama'a jikinsa na ɓari. Amma mai asma in ya sha, ƙirjinsa na iya toshewa. Malam ya duba: maganin ƙaiƙayi, maganin hawan jini, maganin baƙin ciki, maganin sa natsuwa. Wane ma'auni ne zai zuba waɗannan a mudu ɗaya?

Saura batun kuɗi. Gaskiya ne kamfanoni sun ci kasuwar Valium, sun tallata shi fiye da kima, kuma sun yi jinkirin amsa laifi. Amma likitoci da marasa lafiya na can ne suka tona asirin, suka tilasta aka canza ƙa'ida. A yau diyazefam da fulokzetin da satiralin duk sun fita daga mallakar kamfanonin da suka ƙirƙiro su, masana'antu a Indiya da wasu ƙasashe na yin su da araha. Matsalarmu a nan ba yawan likitocin da ke tura wa mutane magani ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. A Arewa, in ka cire asibitocin tarayya na Kaduna da Maiduguri da Kware, da na Dawanau a Kano, da sassan asibitocin koyarwa, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ɗaya ba. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Ga kuma gorin jama'a: duk wanda aka gani a ƙofar irin wannan asibiti, an gama masa suna. Wannan giɓi shi ne mai kemis ke cikewa da ledarsa marar suna. Rubutu irin na Malam, da ke ƙara wa mutane kunyar zuwa wurin likita, ba ya rage wa mai kemis ciniki. Ƙara masa yake yi, domin wurinsa ake zuwa da daddare ba wanda ya gani.

Inda zan sake haɗuwa da Malam shi ne cewa ƙwaya ba ita ce farko ba, kuma ba ita kaɗai ba ce. Likitan kirki yakan fara bincika ko wani abu ne a jiki ke kwaikwayon fargaba, kamar ƙarancin jini, ko halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo in ta yi aiki fiye da kima. Yakan tambayi goro nawa ake ci da shayi kofi nawa ake sha, domin sinadarin da ke cikinsu na tayar da bugun zuciya. Goggo goro biyar take tauna a yini, aka mayar da ita ɗaya. Akwai kuma jinya ta hanyar zama da magana, inda ake koya wa mutum ya gane tunanin da ke hura masa wutar tsoro, ya kuma riƙa tunkarar abin da yake gudu sannu a hankali. Ga mutane da yawa wannan na aiki daidai da magani, kuma amfaninsa kan daɗe bayan an gama. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa bisa tsari, kuma bincike ya nuna abin ya yi amfani. Mu da muke da zaure da majalisa da malaman Islamiyya, ba abin da zai hana mu irin wannan. Da Malam ya karkata alƙalaminsa nan, ya nemi a koya wa limamai da ungozomai gane wannan ciwo da sanin lokacin da za a ce wa mutum ya tafi asibiti, da ni ne na farkon sa hannu.

Wata takwas aka ɗauka ana raba Goggo da D5. Na sha ganinta da asuba bayan ta shafa addu'a, ta ɗauko reza ta raba ƙwaya biyu a kan murfin kwano, ta ja layi da biro a kalandar da ke bango. Duk bayan mako biyu ko uku likita ya rage mata wani ɓangare. Akwai lokacin da abin ya yi mata nauyi, aka tsaya wata guda a mataki ɗaya. Da azumi ya zo, likita ya mayar mata da ɗaya maganin lokacin sahur, ba ta sha azumi ko ɗaya ba. Bayan shekara ɗaya da rabi shi ma aka sauke mata shi a hankali. Yau ba ta shan komai. Gaban nan yakan ɗan faɗi jefi-jefi, sai ta zauna, ta ja numfashi yadda aka koya mata, ta ja carbinta, ya wuce. Ba ta taɓa ganin ɗayan ya kori ɗayan ba.

Roƙona ga Malam guda ne. Ya ci gaba da yaƙar masu sayar da ƙwaya ba takarda, ya matsa wa hukumomi su bi kemis-kemis, ina bayansa. Amma ya dawo shafinsa ya janye sakin layin nan na masai, ya gaya wa masu karanta shi cewa duk wanda ya daɗe yana shan D5 ko Lexotan ko wani maganin fargaba, kada ya yanke shi da kansa, ya ɗauki ledar yadda take ya kai wa likita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mutane na jin maganar Malam, kuma a cikinsu akwai wata mai kunya irin Goggo, da 'yar ledarta a ƙarƙashin katifa.

Kafin in aiko da wannan martani na karanta wa Goggo rubutun Malam daga farko har ƙarshe. Ta saurara tana gyaɗa kai, har ta ce ya yi gaskiya a kan mai kemis. Da na zo sakin layin ƙarshe sai ta yi shiru. Ta buɗe baki ta nuna mini tabon da ke gefen harshenta, ta ce, "Babana, ka gaishe shi da kyau. Ka ce masa ni na riga na gwada."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa Malam basira da tsawon kwana.